Abin da Shamuwa Ta Faɗa wa Tanimu a Kan Dutse

Masu ba da labari sun ce, Allah dai shi ne masanin gaskiya, an yi wani mai ɗaukar hoto ana ce masa Tanimu, wanda in ya ƙwallafa rai a kan abu, ko ana ha maza ha mata sai ya yi. Abin da ya ƙwallafa wa rai kuwa shi ne ya hau ƙololuwar Dutsen Zangarma a farkon damina, ya ɗauki hoton hadari yana taruwa a ƙarƙashin ƙafarsa. Shekara da shekaru yana hawa, bai taɓa dacewa ba.

Wata shekara ya hau tare da taubashinsa Jatau, wani tela mai barkwanci, wanda ya biyo shi don kawai ya ga abin da ke raba Tanimu da gida. Sun haye wata busasshiyar korama cikin kwazazzabo ke nan, Jatau ya zame ya gurɗe ƙafa. Tanimu ya jingine shi da dutse a bakin koramar. Ya kuwa san halinta sarai: in ruwa ya sauka a sama, takan cika nan take ta shafe gefen da Jatau yake, hanyar gida kuma tana tsallake. Amma da ya ɗaga kai ya ga gabas ta fara duhu, abin da ya daɗe yana jira, sai zuciya ta ɗebe shi.

Ya ce, "Taubashi, yanzun nan zan dawo."

Jatau ya ce, "Jeka, sarkin naci. In ka ga gajimaren ka ce gurgu yana gaishe shi."

Tanimu ya yi ta hawa. Saura kaɗan ya kai, numfashi ya gagare shi, ya zauna. Sai ga wata tsohuwar shamuwa a kan wani falalen dutse tana kallonsa da ido ɗaya.

Ta ce, "Sannu da hawa, mai hoto. Na ga kun taho ku biyu, ga shi ka iso kai kaɗai."

Ya ce, "Inna Shamuwa, ɗan'uwana yana ƙasa yana hutawa. Hoto ɗaya zan ɗauka in koma."

Ta ce, "Hoto ɗaya. Haka Ilu ɗan ci-rani ya ce a ƙasar ƙanƙara."

Ya ce, "Wane ne Ilu?"

Ta ce, "Tun da ƙirjinka bai gama bugawa ba, saurara, labarin gajere ne. Ni ma a bakin wani tsuntsun teku na ji shi, irin waɗanda kan tashi daga wannan ƙarshen duniya zuwa wancan."

Shamuwa ta ce, Ilu mutumin ƙasarku ne. Ci-rani ya kai shi Ikko, daga can ya samu aikin girki a jirgin ruwa, jirgi kuma ya miƙa shi can ƙarshen kudu, inda ba ƙasa ba ciyawa, sai ƙanƙara iya ganinka. A can akwai wani zango na masu bincike. Sukan ɗauki ma'aikata in sanyi ya ɗan sassauta, in ya dawo kowa ya kama gabansa. A lokacin aikin nan rana ba ta faɗuwa a wurin, sai dai ta yi ta kewaya sararin sama, har salla ma da agogon bango Ilu yake yi.

Yana da 'yar kyamararsa, kuma ransa ya biya ya ɗauki hoton wasu tsuntsaye na bakin teku masu tafiya a tsaye kamar mutane, don ya san in baki kawai ya kai gida za a ce ƙarya yake. Dokar zangon ita ce, duk mai fita sai ya faɗi lokacin dawowarsa, in lokacin ya wuce a bi sawunsa. Mai bin sawun kuwa wani dattijo ne, Pasang, wanda aka haifa a ƙasar manyan duwatsu na gabas, ya tsufa yana yi wa masu hawa jagora.

Da Ilu ya faɗi lokacinsa yana dariya, Pasang ya riƙe hannun rigarsa ya ce, "Abokina, kada ka yi mini irin ta baƙon Nima." Ilu ya ce, "Baba, me baƙon Nima ya yi?"

Pasang ya ce, a ƙauyenmu an yi wani jagora ana ce masa Nima. Al'adarmu, in za a hau dutsen ƙanƙara, jagora da baƙonsa sukan ɗaure ƙugunsu da igiya ɗaya, su kuma yanke lokacin juyawa tun suna ƙasa, an kai ko ba a kai ba. Jagora kuma ba ya shiga gari ba tare da wanda ya fita da shi ba, wannan abin kunya ne har ga jikokinsa. Nima ya hau da wani baƙo mai son hoto. Lokacin juyawa ya yi, ga ƙololuwa tana ƙyalli kamar a miƙa hannu a taɓa. Nima ya ce a koma. Baƙo ya ce, "Rai nawa ne, ƙafa tawa ce. Kai ka sauka." Ya kwance igiya ya wuce. Nima ba shi da sauran ƙarfin binsa, ba shi kuma da fuskar sauka shi kaɗai, sai ya zauna a cikin iska yana jira. Baƙo ya kai, ya ɗauki hotunansa, ya sauko da murna. Ya tarar da Nima a zaune inda ya bar shi, sanyi ya gama da shi, igiya tana nan a ƙugunsa.

Pasang ya ce, "Ka ji, abokina. Wanda ya kwance igiya daga ƙugunsa bai kwance ta daga ƙugun ɗan'uwansa ba."

Shamuwa ta ce, Ilu ya jinjina kai, ya kuma ji tausayin Nima da gaske, don shi ba mugu ba ne. Ya fita da niyyar cika alkawari. To, amma hali zanen dutse. Agogonsa yana can ƙarƙashin riguna da safar hannu, shi kuwa tun yana yaro a gona, rana yake duba ya san lokaci. Tsuntsaye suka ɗauke masa hankali. In ya ɗaga kai sai ya ga rana tana nan, ya ce a ransa, ai ko la'asar ba ta yi ba, bari in ƙara ɗaya. Can iska ta taso da garin ƙanƙara, ya laɓe a bayan wani tudu har ta lafa, ya koma zango lafiya lau.

Ya tarar ana ta kai da kawo. Ashe lokacinsa ya wuce tun tuni, Pasang ya shiga cikin iskar nan nemansa. Da ƙyar aka samo dattijon, sanyi ya cinye masa yatsun hannun dama, sai da likita ya yanke su. Daga ranar bai sake riƙe igiyar kowa ba. Ilu ya koma gida da hotuna masu kyau, amma har ya mutu bai iya nuna wa kowa su ba.

Shamuwa ta gyara fiffike ta ce, "Mai jinkiri yakan ɗauka da ransa yake caca, alhali da ran mai jiransa yake yi. Ni ruwa ke bina, mai hoto, ba na zuwa wuri sai yana bayana. Ka dubi gabas."

Tanimu ya duba. Hadarin ya haɗu baƙi ƙirin, yana gangarowa ƙasa da ƙololuwa, daidai yadda ya yi ta mafarkinsa. Kunya ta rufe shi, tsoro kuma ya kama shi. Ya ce, "Inna, na ji. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah." Ya cusa kyamara a jaka, ya juya ya dinga gangarawa yana zamewa yana tashi.

Ko da ya isa kwazazzabo yayyafi ya fara, koramar ta kawo ruwa ja har gwiwa. Ya goya Jatau ya kutsa, ruwa yana fizgar ƙafafunsa, har Allah ya kai su tsallake. Ba su gama hawa gangaren ba suka ji ruri a bayansu, ruwa ya shafe inda Jatau ya zauna.

Jatau ya ce, "To, sarkin naci, an samu hoton?"

Tanimu ya ce, "Ban samu ba." Sa'an nan ya ce, "Kai kuma da ka ga hadari, me ya hana ka ja jiki ka haye tun koramar tana bushe?"

Jatau ya ce, "Na yi niyya. Sai na ce in ka dawo ba ka gan ni ba, za ka ɗauka ruwa ne ya tafi da ni, ka faɗa ciki nemana. Shi ya sa na zauna."

Tanimu ya gyara goyon, ya kama hanyar gida cikin ruwa, hawaye yana zuba.