Agogon Jidda da Agogon Illela

Akwai wani ɗan kasuwa a Illela, Alhaji Ma'aruf, mai fataucin albasa zuwa Ƙonni. Mutumin kirki ne, amma fa in ya duba abu a waya, to magana ta ƙare, ko limami bai isa ya gyara masa ba.

Mahaifiyarsa, Inna Tasalla, ta tafi Umra. Tsohuwa ce, idonta ya yi rauni, ga ciwon ƙafa. Ranar tafiya ta riƙe hannunsa ta ce, "Ma'aruf, in na sauka, kai nake so ka ɗauke ni." Ya yi mata alkawari.

Ranar dawowa ta faɗo Lahadi. Tun da safe Alhaji ya kasa zama, ya shiga ya fita, yana ta lissafi da ƙarfi.

"Daga Jidda zuwa Sakkwato kilomita kusan dubu huɗu, awa biyar a sama. Sun tashi tara, sai biyu za su sauka. In na bar gida sha biyu, har jira zan yi."

Matarsa Shafa'atu ta ɗago daga tsintar shinkafa.

"Alhaji, taran wace ƙasa? Duk ran da Inna ta kira ta ce sun idar da Magariba, mu nan rana ba ta faɗi ba. Agogonsu na gaba da namu."

Ya bushe da dariya. "Ke mi kika sani game da jirgi? Ko Gwadabawa sai da rakiya kike zuwa!"

Ta koma kan tsintar shinkafarta. Wallahi maganar ta yi mata zafi.

Sha biyu da 'yan mintoci, yana neman makullin mota, waya ta yi ƙara. Wata abokiyar tafiyar Inna ce.

"Alhaji, mun sauka fa. Kana ina?"

Innalillahi! Taran Jidda, bakwai ce a Illela. Awa biyu cur ya ci a lissafinsa.

Ya faɗa mota ko hula babu. Ga shi ranar kasuwa ce, tirelolin shanu sun toshe hanya tun daga bakin gari. Ya danna oda, ya fito, ya koma, ya sake fitowa, gumi ya jiƙa masa riga. Ya kira matar nan sau bakwai, ba ta ɗauka ba.

Sai wajen uku saura ya isa filin jirgin Sakkwato. 'Yan tarba duk sun watse.

Can gefe ya hango Inna zaune a kan jakarta, ta rungume jarkar zamzam, ƙafafunta sun kumbura. Duk takun da ta ji sai ta ɗaga kai.

Wani mai gadi ya tare shi. "Kai ne ɗan? Mutum uku 'yan garinku suka roƙe ta ta shiga motarsu, ta ƙi. Ko ruwa ba ta yarda ta tashi nema ba, wai kar ka zo ka rasa ta."

Ma'aruf ya durƙusa gabanta. "Inna, ki yafe mini."

Ta lalubo fuskarsa da hannu, ta yi murmushi.

"Ai na gaya masu. Na ce Ma'aruf bai taɓa barina ina jira ba."

Nan babban mutum ya fashe da kuka.

Darasi: Kada ka raina gyara don ka raina mai gyaran. Abin da girman kai ya hana ka saurara, sau da yawa wanda ya fi yarda da kai ne ke shan wahalarsa. Tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya gyara tun da wuri.