Waɗanda Suka Daina Zuwa

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, likita ne amma ba na allura ba. Aikinsa ya zauna da masu ciwon damuwa, ya saurare su, ya yi musu magana har Allah ya kawo sauƙi. Ofishinsa kujera biyu ne da tebur, sai agogon da ya rataye a bayan mara lafiya don ya riƙa satar kallonsa.

A sashensu akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Shi ya tsara hanya ta zama takwas, kowane zama da darasinsa, ya ce tsarin ne ke warkarwa. Wata dattijuwar likita da suke kira Inna ta ce a'a, maganin shi ne mutum ya amince da mai sauraronsa, ko da za a shekara. Shugabannin asibiti suka ce kowa ya kawo hujja.

Shi kuwa mutum ne mai zargi. In Inna ta gaishe shi, ya ce bugun cikinsa ta zo yi. In ta yi shiru, ya ce wani abu take ƙullawa. Mai irin wannan zuciya zai yarda a kayar da shi?

Ga abin da ya yi. A zama na takwas akwai takardar tambayoyi da mara lafiya zai cike shi kaɗai, ya jefa a akwati. Shi sai ya riƙe biron da kansa, ya kafe mutum da ido ya tambaye shi jiki. Wa zai dubi likitan da ya yi wata biyu yana fama da shi ya ce masa aikin banza ya yi? Kunya sai ta sa a ce da sauƙi, shi kuma ya rubuta an warke. Waɗanda suka daina zuwa tun zama na uku kuwa, fayilolinsu durowar ƙasa yake tura su, ya murɗa makulli.

Ranar taro ya miƙe ya ce cikin goma tara sun warke. Inna ta gyara tabaranta ta ce, "Waɗanda suka daina zuwa fa, ina ka sa su?"

Ya ce hassada ce ke cin ta. Tsarinsa ya zama doka: zama takwas, sai sallama. Aka mayar da ɗakin Inna ma'ajiyar karyayyun kujeru, ta yi ritaya. Sabbin likitoci duk shi ya koyar da su, har da riƙe biron.

Bayan shekara uku 'yarsa ta fari ta haihu. Sai ta daina ci, ta daina magana, jariri na kuka tana kallon bango. Likita ba ya duba 'yarsa, don haka aka haɗa ta da wani ɗalibinsa. Ana gama zama takwas ɗalibin ya kawo masa takarda yana fara'a. "Malam, ta warke. Da bakinta ta faɗa."

Ya duba, rubutun na ɗalibin ne. Ya roƙi shugaban asibiti a ƙara mata zama, shugaba ya nuna masa alƙalumansa da ke manne a bango, ya ce ai ƙa'idarka ce. Hanya ɗaya ta rage, sai dai ya buɗe durowar nan ya ce ƙarya na yi. Matarsa ta ce ko a kai 'yarsu gidan Inna, ya ce so take a samu abin faɗa a kansa. Ya zaɓi sunansa, ya 'yan uwa, ya bar 'yarsa.

Wata rana aka tarar da jaririn ya rarrafa bakin murhu, uwar na tsaye ba ta ma gan shi ba. Dangin miji suka karɓe shi, suka dawo da ita gidan ubanta. Cikin watan aka zo sauya teburan ofis, aka ɓalle durowar. Fayil sittin da ɗaya. Da aka bi sawunsu, wasu sun rasa aiki, wasu aure, biyu sun rasu. Aka ƙwace lasisinsa.

Yanzu yana gida. Kullum da safe yakan shiga ɗakinta ya tambaye ta jiki, ta ce, "Da sauƙi, Baba." Sai ya tsaya yana binciken fuskarta. Gaskiya ce ko kunya? Ba shi da hanyar sani, kuma ba zai taɓa yarda ba.

Ban ce muku zama takwas ne laifinsa ba. Wataƙila yana taimakon wasu, wataƙila Inna ce da gaskiya. Da ya ƙirga kowa da an gane. Shaidar zur ba a kotu kaɗai ake yin ta ba, wanda ya ɓoye rabin hujja ya yi ta. Kowa ya tambayi kansa, me ya kulle a tasa durowar?

Allah ya kiyaye mu da son suna, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi na gaskiya. Amin.