Tsintau da Ƙwaryar Furar Taroro

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

"To ku matso. Kai Ɗanliti, daina mintsinin ƙanwarka, in ba haka ba in naɗe tabarmata in bar ku."

Wata tsohuwa ce wai ita Taroro, gidanta na can ƙarshen ƙauye. Mijinta ya rasu da daɗewa, Allah bai bar mata ɗa ko jika ba. Abin da ta mallaka a duniya rumbu ɗaya na gero, awaki uku, sai karenta Tsintau. A kan juji ta tsince shi yana ɗan kwikwiyo, ido ko buɗewa bai yi ba, ta ƙunso shi a gefen zane ta raine shi da madarar akuya. Shekara tara suna tare. In za ta gona yana gaba, in za ta rijiya yana baya, in ta zauna gyaran wake ya kwanta gefen ƙafarta ta yi ta ba shi labarin mutanen da. Shi yana jin Hausa sarai, mayar da magana ce bai iya ba, sai dai ya kaɗa wutsiya.

Taroro mace ce mai tsafta da kiyaye addini. Tsintau yana da kaskonsa daban, nan ake zuba masa tuwo da ruwa. Ya kuma san ƙa'ida kamar yadda kuka san ta: ƙwaryar da kare ya sa wa baki, sai a zubar da abin da ke ciki, a wanke ta sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ga rijiya da nisa, ga gwiwar tsohuwa na ciwo. Don haka ko nama aka bari a buɗe, Tsintau kau da kai yake yi, bai taɓa ja mata wannan wahala ba ko sau ɗaya.

Ana nan, ana nan, sai ga Gizo ya faɗo gidan da tsamin bakinsa.

"Shalamu alaikum, Gwaggo! Ni ne ɗan ƙanen mayigayi mijinki."

Taroro ta ce, "Ikon Allah! Mijina ai ba shi da ƙane."

"Ƙanen ɓoye ne, Gwaggo. Ba a cika faɗa ba."

Tsohuwa ta yi dariya har da riƙe ciki, ta dama masa fura. Gizo yana sha, idonsa na kan rumbu. Daga nan ya bi gari ƙofa ƙofa yana shaida wa mutane shi ne magajin Taroro, duk ranar da ta kwanta dama rumbu da awaki nasa ne.

To amma tsohuwa garau take, Gizo kuwa ba shi da haƙurin jira. Ya sami Tsintau a bakin rumbu, don shi Gizo yana jin maganar dabbobi, ya ce, "Abokina, kau da kai in ɗebi geyo, in kawo maka ƙashin sha guda."

Tsintau ya ce, "Ƙashin sa? Matar da ta ba ni madara ina makaho zan sayar da ƙashi? Ɓace mini da gani kafin in cire maka ƙafa biyu, ka koma da shida."

Gizo ya tafi yana ƙunƙuni. Mugu, Allah wadan halinsa! Sai ya shiga daji ya tatso ruwan tinya a ɗan gora. Tinya itace ne mai farin ruwa kamar nono, da shi maharba ke haɗa dafin kibiya, in ya shiga fura ido ba ya ganewa.

Kullum da azahar Taroro takan dama furarta, ta rufe da faifai a gindin ceɗiyar tsakar gida, ta yi salla, sannan ta zo ta sha. Ran nan tana ta da kabbara, Gizo ya sulalo daga reshe a kan zarensa, ya ɗaga gefen faifai, ya ɗiga tinya, ya koma sama. Tsintau ya yi haushi, ya yi tsalle, ina! Gizo ya yi nisa. Tsohuwa kuwa ba ta katse salla don haushin kare.

Tana sallamewa ta nufo ƙwarya. Tsintau ya sha gabanta, ta kauce. Ya kama gefen zanenta, ta ce, "Kai, sake ni, yunwa nake ji." Da ya ga ba dama, sai ya ture faifai da hanci, ya tsaya sai da ta dube shi, ya tsoma harshe cikin fura.

"Kaka, me ya sa bai tunkuɗe ƙwaryar kawai ba?"

Yawwa Hansai, ashe kanki na ja. In tunkuɗewa ya yi, ai wata furar za ta dama a ciki, ga dafi a jikin ƙwarya. Amma in bakinsa ya taɓa, dole ta dirje ta da ƙasa. Karen nan ya yi tunani.

Taroro ta riƙe baki. "Tsintau! Kai ne kuwa? Yau kuma?" Ta zubar da fura a rami, ta ɗauki tulu ta tafi rijiya tana ɗingishi, ta dawo ta yi wanki bakwai. Ran nan da yunwa ta wuni. Shi kuma harshensa ya yi ta zafi, ya kasa cin tuwonsa.

Kashegari haka aka sake. Tsohuwa ta ta da salla, Gizo ya sulalo, ya ɗiga, ya haye. Tsintau ya yi haushi har muryarsa ta dushe. Ta sallame, ta miƙa hannu, ya riga ta sa baki. Wannan karon ran Taroro ya ɓaci ƙwarai. Ta rarumi muciya ta maka masa a baya, ita da ko tsawa mai ƙarfi ba ta taɓa yi masa ba. Tsintau bai gudu ba, bai yi gurnani ba, ya dai kwanta ya ɗora haɓa a ƙasa yana kallonta. Ta jefar da muciya, ta ɗauki tulu, tana tafe tana share hawaye.

A bakin rijiya ta tarar Gizo ya riga ya baza labari wai karenta ya haukace. Mata suka yi mata caa.

"Iya, karenki ya haukace!"

"Haushi ba dalili, ga yawu na zuba, ai haukan kare ke nan."

"Yau ƙwarya, gobe 'ya'yanmu zai ciza. A kira Jatau maharbi ya fita da shi daji."

Kun san abin da ake nufi da a fita da kare daji. Ba ya dawowa. Taroro ta yi ta roƙo, ta ce shekara tara bai taɓa cizon ko kaza ba, amma bakin mutane ya fi nata yawa. Aka tsayar gobe da azahar Jatau zai zo. Ta dawo gida, ta ɗaure Tsintau da igiya a turken awaki da hannunta, ta zauna nesa da shi ta ce, "Me na yi maka, ɗan nan? Kai kaɗai gare ni. In ka tafi da wa zan yi magana?" Tsintau ya ji duka, ya kwanta a gindin turke.

Rana ta uku ta dama fura, ba don tana marmari ba, sai don kwana biyu cikinta ba komai. Ta ta da salla. Gizo ya sulalo, ya ga kare a ɗaure, ya juye goran nan duka, har yana yi masa gwalo.

Tsintau ya duƙufa kan igiya yana gwaguya. Ya san ko ya sake tsoma harshe a banza ne, yau za a tafi da shi, gobe Gizo ya dawo ba mai tsarewa. Sai dai tsohuwa ta ga abin da ke cikin furar nan da idonta.

Taroro ta sallame, ta zauna, ta cika ludayi. Daidai nan Jatau ya yi sallama da gorar duka a kafaɗa. Ludayi na dab da bakinta igiya ta tsinke, fat! Tsintau ya yi tsalle ɗaya ya buge ludayi, ya dulmiya kai cikin ƙwarya ya yi ta sha, lak lak lak, har ya kusa raba ta biyu.

Jatau ya ɗaga gora. "Matsa, Iya!"

Taroro ta faɗa kan karenta ta rufe shi da jikinta. "Kada ka taɓa shi a gabana, Jatau! Don Allah kada ka taɓa shi."

Kafin ta rufe baki Tsintau ya fara rawar jiki, ƙafafunsa suka lanƙwashe, leɓɓansa suka kumbura. Jatau ya sauke gora. Ya duƙa ya shinshina ƙwarya, ya lakata da tsinke ya duba, sai ya yi salati.

"Iya, wannan ba hauka ba ne. Tinya ce a furarki, ni na san ta, da ita nake aiki. Da kin kai ludayin nan baki, da yanzu wani zance ake yi."

Taroro ta dubi ƙwarya, ta dubi kare. Jiya da shekaranjiya suka faɗo mata a rai gaba ɗaya, ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. "Wayyo ni Taroro! Ashe raina yake tsarewa ina dukansa!"

Jatau ya ce, "Ba lokacin kuka ba ne. Kawo tsamiya, kawo man shanu, tatso akuya!"

Tsohuwar da ke ɗingishi, ran nan da gudu ta yi aiki. Ta ja Tsintau inuwar bayan rumbu, ta ɗora kansa a cinyarta, ta buɗe bakinsa da yatsunta, Jatau na ɗura masa jiƙon tsamiya da madara. Yawu da amai suka jiƙe mata zane sharkaf. Jatau ya ce, "Iya, zanen sallarki fa."

Ta ce, "Zane wanke shi ake yi. Ɗura masa."

Suna cikin haka sai suka ji kururuwa daga ƙofar gida. Gizo ne, da ƙaton buhu a kafaɗa da igiyar jan awaki a hannu. "Wayyo Gwaggo! Gwaggo ta yashu! Allah ya jiƙan Gwaggo! Jama'a ku zo ku yi mini gaishuwa!" Maƙwabta suka biyo shi a guje, gida ya cika.

Taroro ta leƙo daga bayan rumbu ta ce, "Gizo, wa ya gaya maka na mutu?"

Gizo ya yi tsuru tsuru. "A'a, Gwaggo, ba ki sha ba?"

Jatau ya ce, "Ba ta sha me ba?"

Shi ke nan, bakinsa ya kama shi. Matan nan da suka ce a kashe kare, su suka fara rarumar tsintsiya. Gizo ya yar da buhu, ya haye bango, ya maƙale a lungun rufin ɗaki. Har gobe can yake ɓuya, har gobe kuma tsintsiya ke bin sa.

Tsintau kuwa kwana biyu yana kwance, ba a san inda za ta faɗi ba. Taroro ta ƙi gona, ta ƙi rijiya, sai mata ke kawo mata ruwa suna sunkuyar da kai don kunya. Tana shafa bayansa tana cewa, "Ka yafe mini, Tsintau. Ka tashi ko don in gode maka." A rana ta uku da hantsi, tana ba shi madara, sai ta ji wani abu na bugun tabarma, tap, tap, tap. Wutsiyarsa ce. Ya ɗago kai, ya yunƙura, ya miƙe yana tangaɗi.

Tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ita da rabonta da guɗa tun tana da haƙora. Ta ce, "Alhamdu lillahi! Na gode wa Allah, na gode maka, Tsintau. Ban haifa ba, amma wallahi ba a fi ni ɗa ba." Ta sa Jatau ya yanka babban zakaranta, ta dafa shi lugub kamar yadda ake yi wa baƙon girma, ta zare ƙasusuwa don maƙogwaronsa, ta zauna tana ba shi loma loma. Tinya ta ƙone masa murya, bai ƙara yin haushi ba har ƙarshen ransa. Amma duk baƙon da ya shigo gidan, kafin a ba shi ruwa sai Taroro ta zaunar da shi ya ji abin da karenta ya yi mata.

To kun ji. Wanda ya daɗe yana yi muku alheri, mutum ne ko dabba, ranar da ya yi abin da bai saba ba, ku bincika kafin ku ɗaga sanda. In kun gane kuma, ku gode masa tun yana raye yana ji. Kai Ɗanliti, ka ji ko? Na gan ka jiya kana jifan karen maƙwabta.

Ƙungurus kan kusu, in da ƙarya a ciki ta Gizo ce, ba tawa ba.