Takardar da Ba Ta Kashe Inji Ba

Akwai wani mai horar da sababbin ma'aikata a wata masana'antar katako. A bayan idonsa Oga Takarda ake ce masa, don ko hanyar banɗaki ka tambaye shi, cewa zai yi ka duba littafi. Shi ya rubuta littafin da kansa, shafi ashirin, yana kuwa ji da shi kamar ɗan fari.

Cikin sababbin akwai Baba Tela, dattijon da ya shekara talatin yana ɗinki kafin ciniki ya mutu. Ya iya karatu daidai gwargwado, amma abin da jikinsa bai taɓa ba, ba ya zama a kansa.

A tsakiyar ɗakin aikin akwai wani ƙaton inji mai jan katako a hankali zuwa bakin zarto. Ko a kashe yake, ba ka son juya masa baya.

"Ranka ya daɗe, da za ka nuna mini inda ake tsayar da shi, in gwada ko sau ɗaya," in ji Baba.

"Shafi na tara, Baba. Ba ka sa hannu cewa ka karanta ba?"

"Na sa."

"To, shi ke nan."

Sau uku Baba yana roƙo. A na ukun Oga ya ce nan ba shagon ɗinki ba ne, aka kwashe da dariya. Ni dai dariyar nan ta fi komai ɓata mini rai. Baba bai ƙara tambaya ba.

Ran nan aka fita cin abincin rana, su biyu suka rage. Oga ya miƙa hannu zai zare guntun katakon da ya maƙale, inji na aiki. Sai inji ya cafke hannun rigarsa. Bai fizge shi ba, a hankali ya riƙa ja.

"Baba, kashe shi!"

Baba ya danna maɓallin da ke bango. Fanka ce ta tsaya.

"A ina yake?"

"Shafi na tara!" Shi kansa Oga sai da ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Zarto ya kusa. "Ƙarƙashin tebur! Taka da ƙafa!"

Ƙafar Baba ba ta ko yi lalube ba. Inji ya tsaya, amma ya riga ya tafi da yatsu biyu.

Baba na ɗaure masa hannu da hularsa, ya ce, "Ashe abin takawa ne. Shekara talatin ina taka irinsa."

Da Oga ya dawo daga asibiti bai yar da littafin ba, don akwai masu ganewa ta karatu. Amma yanzu duk wanda ya zo, sai ya ja shi gaban inji da yatsunsa uku da suka rage, ya ce, "Taka in gani."

Darasi: Wani da karatu yake ganewa, wani da ji, wani sai ya gwada da kansa. In ɗalibi ya faɗa maka yadda yake fahimta, kada ka raina shi, wataƙila ranka ne zai dogara da abin da ka ƙi nuna masa. Ku tura wa duk wani mai koyarwa da kuka sani.