Sabulu Mai Kanumfari Uku

Akwai wata mata mai sana'ar sabulun wanka, shagonta ɗan ƙarami ne a ƙasan wani bene. Da hannunta take haɗawa, ta zuba a mazubi, ta yanka, sannan ta yi masa ado. Wani ta manna masa busasshen fure, wani ta zana sunan mai shi. Kowa Mai Sabulu yake ce mata.

Hannunta na da kyau, amma zuciyarta ta daina yarda da mutane. Dalili kuwa, wata mata ta taɓa zame mata kamar ƙawa, kullum tana shagon tana yabo tana tambaya. Ba a jima ba ta buɗe nata shagon a bayan layi, da irin adon Mai Sabulu sak. Tun daga nan, duk wanda ya cika tambaya sai ta sa masa ido.

Ana nan sai wani mutum ya fara zuwa. Dogo ne, mai furfura kaɗan, ba ya son hira. Ranar farko ya bi kanta yana ɗaukar sabulai ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa.

Ya ce, "Malama, za ki iya yi min mai ƙamshin ɓawon lemu? A ja masa layi da haƙoran mataji a sama, a dasa kanumfari uku a kusurwa."

Ta ce, "Suna fa? Wa za a rubuta?"

"Ba suna. Haka kawai."

Ta yi masa. Ya karɓa ya juya shi, ya ce layin ya yi zurfi da yawa, a rage a gaba.

Daga nan ya zama ɗan gida, tambayoyi kuma suka fara. Wane mai take sawa? Yaushe ake dasa kanumfarin, da ɗanyensa ko sai ya fara tauri? Har hoton sabulun ya ɗauka da wayarsa.

Maƙwabciyarta tela ce, babbar mace mai baki, Mai Sabulu na ce mata Yaya. Ita ta laƙaba masa suna Malam Shinshina.

Tela ta ce, "Ƙanwata, namiji da gemunsa, me ya haɗa shi da mataji da kanumfari? Turo shi aka yi."

"Ni ma jikina ya ba ni, Yaya."

"Bari in leƙa miki bayan layi."

Ta je ta dawo tana gyaɗa kai. Ta ce ta ga sabulu mai kanumfari a shagon waccan matar. Ba ta lura ko akwai layin mataji ba, amma Mai Sabulu ba ta tsaya jin wannan ba.

Da mutumin ya sake zuwa, shagon cike yake da masu saye. Ya jira aka ragu, ya ce a hankali, "Malama, ita sodar nan da ake haɗa sabulu da ita, yaya ake auna ta?"

Ta ajiye wuƙar yanka. Ta ce, "Ka koma ka gaya wa wadda ta aiko ka, na gane. Ɗan leƙen asiri kawai. Daga yau ko kuɗin duniya ka kawo ba zan sayar maka ba."

Mutane suka juyo suna kallonsa. Ya fita kansa a ƙasa. Tela ta leƙo ta taga ta ce, "Kin yi min daidai."

Aka kwana biyu ba a gan shi ba. Wata safiya tana jera sabulai sai ta ga mutum tsaye a bakin ƙofa. Shi ne, hannunsa na dama naɗe da bandeji.

Ya ce, "Ban zo tambaya ba. Guda ɗaya kawai nake roƙo."

"Me ya sami hannunka?"

"Soda ce. Na gwada haɗawa da kaina."

Ya ce duk saboda mahaifiyarsa ne. Da ƙuruciyarta sabulu take yi, da shi ta raine su, kuma haka take wa nata ado. Yanzu tsufa ya taɓa mata tunani, shi kansa wani lokacin ba ta gane shi. Ba ta yarda ta yi wanka da kowane sabulu sai wanda take jin nata ne.

"Tambayoyin da nake miki, tsoro ne. Na ce idan wata rana kika tashi daga nan, yaya zan yi da ita? Na je shagon bayan layi bayan kin kore ni, nasu Mama ta jefar da shi."

Mai Sabulu ta daɗe tana kallonsa. Zuciyarta na ce mata wannan ma shiri ne, bandeji ai kowa na iya ɗaurawa.

Ta ce, "Kai ni in gan ta."

Akwai ragowar nasa guda ɗaya a ƙasan kanta. Ta saka a jaka, ta bar wa Tela shago. Tela ta bi ta da raɗa: "Ki bar wayarki a kunne."

Ɗakin tsohuwar a share yake tas, amma da shigar Mai Sabulu ta gane an daɗe ba a yi wanka ba. Tsohuwar na zaune kan kujera kusa da taga, gashinta a cukurkuɗe. A kan tebur ga sabulai kala-kala, ba wanda aka taɓa. Ƙanwar mutumin na tsaye da tawul a kafaɗa, idanunta sun yi ja.

Ƙanwar ta ce, "Mama, ruwan zai huce."

Tsohuwar ta ce, "Ba zan yi ba. Na san ku. Turo ku aka yi ku cuce ni."

Mai Sabulu ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta miƙa mata sabulun.

Tsohuwar ta kai shi hanci. Ta bi layin matajin da babban yatsa, ta taɓa kanumfarin ɗaya bayan ɗaya. Kafaɗunta suka sauka.

Ta ce, "Wa ya ɗauko min sabuluna daga kan katakon shanya? To, tunda an ɗauko, a kai min ruwa."

Ƙanwar ta juya baya tana share hawaye. Mutumin ya fita waje da sauri.

Mai Sabulu ta naɗe hannun riga ta taya aka yi wa tsohuwar wanka, aka taje mata kai. Da ta fito ta same shi zaune a bakin ƙofa.

Ta ce, "Malam, a gaban mutane na ci mutuncinka, a gaban mutane zan ba ka haƙuri."

Ya ce, "Ya wuce. Tunda Mama ta yi wanka, ya wuce."

Ba ta bar shi a haka ba. Washegari da shago ya cika, ta kira Tela ta tsayar da ita, ta faɗi abin da ya faru, ta nemi yafiyarsa kowa na ji. Da hannunsa ya warke, ta sa masa safar hannu ta koya masa aikin tun daga awo har ado, ba ta ɓoye komai ba. Sabulun farko da ya yi ya fito a karkace. Mahaifiyarsa ta shinshina, ta yi masa faɗa kan yankan, ta yi wanka da shi.

Darasi: Don wani ya cuce ka, ba kowa ne macuci ba. Kafin ka yanke wa mutum hukunci, tambaye shi dalilinsa, domin ba ka san nauyin da ya baro a gida ba. Idan labarin nan ya taɓa zuciyarka, tura wa wani shi ma ya karanta.