Kyanwoyin Goggo Tabawa da Ƙwaryar Kindirmo

"Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama."

"Ta zo mu ji ta, Kawu Mati, in dai ba irin ta jiya ba ce."

Na rantse da hular da ke kaina ba za ku yarda da wannan ba, alhali ita kaɗai ce gaskiyar da na taɓa faɗa muku. Kakarku abin da ta ji take ba ku. Ni kuwa da ni aka yi.

A zamanin da dabbobin garinmu ke magana, ina saurayi, gemu ya fara tsiro. Na bar makarantar allo a izu biyu, don Malam ya ga in na ƙara wata guda zan ƙure shi, ya roƙe ni in tafi. Ba ni da gona, ba ni da sana'a, sai wayo kamar ya yi mini yawa. Abokina ɗaya, Gizo.

A bayan gidanmu akwai wata tsohuwa, Goggo Tabawa. Mijinta ya rasu, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya rayu, idanunta kuma sun yi hazo, sai ta shafa abu take gane shi. Tana da saniya ɗaya, tana kafa kindirmo a babbar ƙwarya ta kai kasuwa. Tana kuma da kyanwoyi uku, su ne 'ya'yanta, su ne abokan hirarta. Akushi ɗaya suke ci da ita.

Kindirmon nan, yara, in ka tsayar da ludayi a cikinsa ba ya faɗuwa. Na yi ta haɗiyar yawu har wata rana Gizo, da yake a rufin ɗakinta yake saƙa, ya sauko ya ce da tsamin bakinsa, "Shannu, Mati. Kowace kyanwa a gidan nan da halinta. Ka sha kindiymo, ka bay wa hali laifi. Ni dai a lashe mini ludayi."

Ta farko sunanta Ta-Sarki, fara sol, mai tafiya kamar an shimfiɗa mata ƙasa. Halinta shi ne, in ta ga an ajiye abu a bakin kantar ɗaki, sai ta zuba maka ido, ta sa hannu tana tura shi kaɗan-kaɗan har ya faɗi. Ba don yunwa ba, don dai ta ji ƙarar.

Bayan azahar Goggo ta fita ba saniya dusa. Na haura katanga, na ɗaga faifai, na shanye kindirmo tas, na wurgar da faifan, na kifar da ƙwaryar a ƙasa. Na zaga ta ƙofa na yi sallama kamar mutumin kirki.

Na iske Goggo a durƙushe tana shafa ƙasa.

"Subhanallahi! Goggo, wa ya yi wannan aika-aika?"

"Ta-Sarki," ta kira. "Ke ce?"

Ta-Sarki ta ɗaga ƙafa ta shiga lasa.

"'Yar nan, ki ce ba ke ba ce, ni kuwa in yarda."

Kyanwa ta dube ta sheƙeƙe ta ce, "Shekara bakwai ina kwana a ƙafafunki. In sai na faɗa miki, to ni ce."

Na ce, "Kin ji ko, Goggo? Ta amsa da bakinta. Wannan in kika bar ta, gobe fitila za ta ture miki a gado."

Goggo ta buɗe ƙyaure tana hawaye ta ce, "Fita." Ta-Sarki ta miƙe, ta yi miƙa, ta ɗaga wutsiya sama, ta fita ba ta waiwaya ba.

Na biyu sunansa Dunƙule, wani ƙaton jan muzuru mai tumbi. Shi nasa halin, duk abin da ke da rami sai ya shiga ya kwanta: turmi, kwando, tukunya, har takalmin baƙo ya taɓa gwadawa. Ɓera yakan kama ne kawai in ɓeran ya yi tuntuɓe da shi.

Mako ya zagayo, Goggo ta fita ba saniya dusa. Na haura, na shanye, na wurgar da faifai, na ajiye ƙwarya a buɗe. Ko ɗaukarsa ban yi ba. Da kansa ya taso, ya shinshina, ya shige ciki ya naɗe. Na zaga na yi sallama.

Goggo ta sa hannu a ƙwarya ta ji gashi mai ɗumi.

"Dunƙule! Kai ma?"

Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Inna, barci nake. In na tashi a yi shari'ar."

Na ce, "Barcin ƙoshi ke nan, Goggo. Taɓa cikinsa ki ji."

Ta taɓa, ta ji tumbi, tumbin da kullum haka yake. Ta ɗauke shi da ƙwaryar ta kai ƙofar gida ta juye. Dunƙule ya zaci wasa ne. Ya dawo ya zauna a bakin ƙyaure yana kuka, ba ta buɗe ba. Washegari ya dawo, ba ta buɗe ba, amma na ji ta tsaye a bayan ƙyauren. Rana ta uku na ga alamar za ta karaya, sai na tare shi a lungu na bi shi da jifa har bayan gari.

Daga ranar in ta zuba tuwo sai ta raba kashi huɗu kamar da, ta ce, "Mus, mus, mus," sannan ta tuna. Na taɓa leƙawa ta katanga na gan ta tana haka. Na ji wani abu ya tokare mini ƙirji, na ce ƙwarnafin kindirmo ne.

Saura na uku, Kunne-ɗaya, baƙin muzuru, ramamme, duk jikinsa tabon faɗa. Ba ya yarda kowa ya taɓa shi, har Goggo. Amma kowace safiya sai ya kawo mata kyauta ya ajiye a bakin tabarma: ɓera, ƙadangare, wani lokaci rabin fara. Ita kuwa ta ce, "Allah ya yi albarka," ta share da tsintsiya in ya juya baya.

Gizo ya ce, "Wannan mai shauƙi ne. Ajiye mataccen ɓeya kusha da ƙwayya, a ce ya biya kuɗin nono."

Yanzu Goggo ta fara ɗora dutse a kan faifai. Na haura da ɓerana a aljihu, na sauke dutse, na ɗaga faifai, na kafa kai. Kunne-ɗaya yana kan taga yana kallona. Ina kan kurɓin ƙarshe sai na ji sandar Goggo, ƙwas, ƙwas, ta dawo da wuri. Na yar da ɓera, na yi tsalle na haura.

To a nan aka yi abin. Uwata, Allah ya ji ƙanta, da muciya ta koya mini cewa ɗan mutunci ba ya barin abinci a buɗe. Duk abin da aka koya mini a duniya na watsar, ban da wannan. Da gaggawa ta zo, kaina ya manta da shawarar Gizo, hannuna ya tuna da muciya. Na mayar da faifai. Na ɗora dutse. Har ludayi na kifa a gefe.

Ban ma san na yi ba. Na zaga na yi sallama da ƙarfina.

Goggo ta taka ɓera, ta shafa ta ɗaga dutse, ta ɗaga faifai, ta ji wayam. Ta ɗaga sanda sama.

Na ce, "Ga shaida nan a ƙasa, Goggo! Duk jinsinsu ɗaya ne."

Sandar ta tsaya a sama. Ta sauke ta a hankali. Ta sake shafa faifan, ta shafa dutsen.

"Kunne-ɗaya," ta ce, "yaushe ka koyi rufe ƙwarya?"

Muzuru ya ce, "Inna, ni a duniya kashina kaɗai nake rufewa."

Na fara ja da baya. Sai muzurun nan da bai taɓa hawa jikin ɗan Adam ba ya diro daga taga, ya ɗare kafaɗata, ya shiga lasar gemuna, lap, lap, lap, yana gurnani.

Goggo ta ce, "Matso, Mati. Me yake lasa?"

"Zufa ce, Goggo."

Ta miƙa hannu ta shafa gemun, ta kai hanci. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Sau uku ka zo mini jaje."

Na ɗaga kai na ce, "Gizo ne ya kitsa! Gizo, sauko ka faɗa!"

Daga can cikin azara ya ce, "Wannan bawan Allah? Ban shan shi ba."

Aka kai ni gaban mai unguwa, gari ya cika. Ya ce, "Kindirmo saniya za ta sake bayarwa. Je ka dawo mata da 'ya'yanta."

Na ce wannan ai aikin yini ɗaya ne ga mai wayo irina. Na iske Ta-Sarki a kan katangar wani mahauci, ta yi ƙiba, gashi na sheƙi. Na durƙusa a ƙasa, ni Mati, na ce, "Ranki ya daɗe, gaskiya ta fito. Goggo na kiranki."

Ta dube ni, ta dubi sama, ta ce, "Wace Goggo?" Ta juya mini baya.

Dunƙule kuwa kwana biyu ina nemansa. Na same shi a bayan gari cikin wani fasasshen tulu, a naɗe, hanci a cikin wutsiya. Na ce, "Tashi, malalaci, a yi shari'ar, ka ci." Na taɓa shi. Ya sandare. Bai taɓa koyon neman abinci ba, barci kaɗai ya iya.

Na koma hannu rabbana na faɗa musu. Goggo ta ce wa mai unguwa, "Ba na son a dake shi. Amma ɓeraye sun gano rumbuna, muzuru ɗaya ba zai iya ba. A ba ni shi."

Mai unguwa ya ce, "An ba ki, har ranar da kika ce ya isa."

Ba ta taɓa cewa ya isa ba. Shekara huɗu ina tsugune a gindin rumbu da sanda, Kunne-ɗaya yana kan katanga yana duba aikina, in na kuskure ya yi tsaki. In ta zuba tuwo ta ba ni nawa kason a sakaina. Sunana kuwa bai sake fita daga bakinta ba har ta koma ga Allah.

To ku ji, ku riƙe. Kowa da halinsa, mutum da dabba, amma hali ba shaida ba ne. Kada ku yanke wa na gida hukunci don wani ya ce ai halinsa ne. Kada kuma ku jingina laifinku a kan wanda ba ya iya kare kansa, don ran da gaskiya ta fito, za ta tarar wani ya riga ya tafi, wani kuma ba ya tashi.

Ƙungurus kan kusu, kusun ma ni na kamo shi da hannuna.