Sarki Tunau da Koren Kwabon Hindu

An ce a zamanin Sarki Tunau, a wani gari da sunansa ya kwanta wa masu labari, wani falke ya kawo masa tsaraba biyu daga ƙasar Hindu: dawisu mai magana, da tsohon kwabon jan ƙarfe da koriyar tsatsa ta lulluɓe. A jikin kwabon ga wani sarkin dā bisa giwa. Falken ya ce daular sarkin nan ta shuɗe, wannan kaɗai ya rage na kamanninsa.

Murna ta hana Tunau zama, har mai sharar zaure sai da ya nuna wa. Ya sa aka kawo jiƙaƙƙiyar tsamiya da toka a ƙwarya, ya naɗe hannun riga, zai dirje kwabon ya yi ƙyalli.

Dawisu ya ce, "Ranka ya daɗe, ka san abin da ya sami Sarauniya Indumati?"

"Faɗi maza, hannuna ƙaiƙayi yake!"

Dawisu ya ce, "Tana da zanen kakanta a bangon fada, hayaƙin turare ya dusashe shi. Ta ce wa mai zanenta, Debadas, ya wanke. Ya ce, 'Ranki ya daɗe, kada mu yi irin ta Gofal mai giwa.' Ta ce, 'Wane ne kuma Gofal?' Ya ce, 'Wani ne da ya ji ana yabon farar giwa, ya ce ai tasa ma fara ce, dauɗa ce kawai. Ya kai ta rafi, ya yi ta gurza da dutsen kaushi. Giwa ta daure, ta daure, sannan ta naɗe shi da hanci ta ajiye shi kan mangwaro. Baƙin da ya zo wankewa, shi ne ainihin launin giwar.' Sarauniya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kuma sa aka wanke bangon. Kaka ya bi magudana, sai gashin baki ɗaya ya rage. Dariyar kawai ta ɗauka, kamar yadda nake ganin wani yana yi."

Tunau, da ke ƙyaƙyatawa har rawani ya karkace, ya dubi hannunsa. Ashe ɗan yatsansa mai tsamiya yana ta murza kwabon. Wutsiyar giwa ta tafi.

"Wayyo, wutsiya! A fitar da ƙwaryar nan!"

Ya goge hannu a riga, ya kwantar da kwabon cikin auduga, ya sunkuya a kansa, ya ce wa sarkin da ke jikin kwabon:

"Yi haƙuri, ɗan'uwa. Zauna da tsatsarka. Wutsiyar kuwa, in an tambaye ka, ka ce Tunau ne."